Fentin da Ya Ƙi Ƙarfe

Shekara talatin da takwas yana fenti a ma'aikatar kujerun ƙarfe. Shafa-Ɗaya ake ce masa, domin ba ya komawa kan aiki sau biyu. In hannunsa ya wuce, ya wuce ke nan. Da burushi ya fara, ya koma bindigar feshi, kuma ba a taɓa dawo masa da kujera ba.

Sai aka kawo sabon inji. Wannan ba ruwan fenti yake fesawa ba, gari ne busasshe mai laushi kamar toka. A rataye kujera a ƙugiya, a rataye ƙugiyar a dogon ƙarfen da ya ratsa ɗakin feshi, a danna bindiga. Garin ya fito kamar hayaƙi, ya tafi a hankali, ya manne wa ƙarfe da kansa. Har lanƙwasa yake yi ya zagaya bayan ƙafar kujera, inda bakin bindiga bai kalla ba. Daga nan a tura cikin tanda, garin ya narke, kujera ta fito sumul.

Wanda ya kafa injin ya yi musu bayani na rabin yini. Shafa-Ɗaya ya tsaya can baya, ya harɗe hannu a ƙirji. Abu biyu ya riƙe: kada a taɓa bakin bindiga, kuma ƙugiyoyi su zauna da tsabta kullum. Na biyun ma haushi ya ba shi. Shi za a koya wa tsabtar kayan aiki?

Layi biyu ne a ɗakin, bindiga biyu. Ɗaya tasa, ɗaya ta Dogo. Dogo shekara shida ya yi a wurin, mutum ne mai yawan dariya, shi kuwa tsohon bai taɓa yarda da mai yawan dariya ba. Ga kuma ƙazanta. Duk Asabar Dogo yakan zuba ƙugiyoyinsa cikin durom ɗin wuta a bayan ma'aikata, ya ƙone su, ya kankare da burushin waya. Su fito baƙi ƙirin, tsirara, wasu har da tsatsa. A wurin Shafa-Ɗaya, ƙarfe tsirara abin kunya ne ga mai fenti.

Wata biyu aiki ya tafi daidai. Ran nan ya ƙirga ƙugiyoyinsa, ya ga babu uku. A madadinsu ga munanan na Dogo guda uku.

"Kai, Dogo. Ina ƙugiyoyina?"

"Baba, ƙugiya ai ƙugiya ce. Wataƙila sun haɗu a wajen tanda."

"Ba haɗuwa suka yi ba. Hannu ne ya ɗauka."

"To ni ne ɓarawon ƙugiya ke nan?"

"Kai ka faɗa."

Ya cike gurbin daga sito, suka koma arba'in. Da aka tafi hutun rana, ya fesa musu jan gari, ya gasa. Ya juya su, ya sake fesawa, ya sake gasawa, don kada ko ɗigon ƙarfe ya rage a buɗe. Suka fito ja wur, suna sheƙi. Ya jera su cikin akwati, ya sa kwaɗo. Ga tsabta, ga alama. Yanzu kowa ya ɗauka, a gani daga nesa.

Dogo ya leƙo, ya ce, "Baba, waɗannan ƙugiyoyin naka fa…"

"Idonka ya fita daga kansu."

Dogo ya juya, ya koma layinsa.

Washegari gari ya ƙi zama. Ya danna bindiga, hayaƙin ya tafi, ya ɗan taɓa kujera, sai ya watse. Abin da ya kamata ya zauna a ƙarfe ya zube ƙasa, wani ya dawo ya lulluɓe masa hannu har gwiwa. Kujerun suka fito daga tanda da dabbare-dabbare, gaba da ɗan fenti, baya kamar ba a wuce ba. A layin Dogo kuwa komai lafiya lau.

Shafa-Ɗaya bai yi mamaki ba. Jiya ya rufe musu hanyar ƙugiya, yau sun biyo ta wata. Abin da ya rage ya gane ta inda suka biyo.

Ya ce "su", domin ya san Dogo ba shi kaɗai ba ne. Manajan ma'aikatar surukinsa ne, mijin 'yarsa tilo. Tun da aka kawo injin yake kewaye-kewaye: Baba ka gaji, Baba garin nan ba shi da kyau ga ƙirji, Baba akwai kujera a sito, ka zauna kana duba kayan da aka gama. Wato ya zama mai gadin aikin wasu. Ya ƙi. To ga shi an samo wata dabara.

Ya fara ɗana tarko. Ya yi wa maballin injinsa alama da alli. Da safe alamar tana nan, gari ya ƙi zama. Ya liƙa zare siriri a bakin akwatinsa. Zare bai tsinke ba, gari ya ƙi zama. Ya ce to garin ne, an jiƙa masa nasa. Ya zo kafin kowa, ya musanya buhunsa da na Dogo. Dogo ya yi aiki da nasa garin, kujeru suka yi kyau. Ya musanya bindigogin ma. Duk ɗaya.

Wannan ya fi tayar masa da hankali. Wato sun san ya musanya, sun sake juya abin kafin ya fara. Akwai mai kallonsa ke nan. Ya soma lura da Mai Walda, wanda bencinsa ke fuskantar ƙofar ɗakin feshi. Gilashin fuskarsa baƙi ne, ba ka sanin inda idonsa yake.

"Me kake kallo?"

"Baba, walda nake. In na kalle ka na ƙone yatsa."

"Ka ci gaba da waldarka."

"To da me nake yi?"

A kwana na shida ya gama fesa wata kujera, ya kai hannu zai gyara mata zama. Sai ji ya yi ƙas! Tartsatsi ya tashi daga ƙarfen ya sare shi a yatsa, zafin ya hau har kafaɗa. Ya saki bindiga. Ya fito tsakiyar ma'aikata, takunkumi a wuya, hannu shuɗi da gari.

"An kai ga jona min wuta!" in ji shi. "Ku fito ku faɗa. Wurina kuke so ko raina?"

Guduma ta tsaya, injin yanka ya yi shiru. Ya nuna Dogo da yatsan da ya ji ciwo.

"Kai ne. Da wanda ya sa ka."

Dogo bai yi dariya ba wannan karon. Ya cire safar hannunsa a hankali, ya ce, "Baba, kai sa'an ubana ne. Don haka zan yi shiru."

Manaja ya fito daga ofis, ya ja surukinsa gefe. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma tsohon ya san kowa yana ji.

"Baba, babu wanda ya taɓa maka kaya. Na sa an duba injinka sau biyu."

"Wa ya duba?"

"Ni da Dogo."

"Yauwa."

Manaja ya shafa fuska. "Kujeru ɗari uku na wata makaranta za su fita mako mai zuwa. Sittin daga layinka sai an kankare an sake. Ba zan iya ƙara ko ɗaya ba. Ranar Litinin in kujerunka ba su fito daidai ba, zan ba wani bindigar, ka koma sito. Ka yi haƙuri, Baba."

"Da ma can nan aka nufa."

"Wallahi ba haka ba ne."

"Litinin," in ji tsohon, ya juya.

Ranar Asabar da rana 'yarsa ta zo. Malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, ba ta cika leƙo ma'aikata ba. Yana ganinta a bakin ƙofa ya san aiko ta aka yi.

"Mijinki ya turo ki?"

"Baba, ko gaisawa ba mu yi ba."

"Lafiya lau. Shi ya turo ki?"

"Ya gaya min ba ka cin abincin rana, kana gadin akwati. Sauran ni na turo kaina. Fesa in gani."

Bai so ba, amma ya rataye kujera. Akwai huda a rufin kwano, hasken rana ya sauko ta nan kamar igiya, daidai gaban kujerar. Ta ce ya danna kaɗan, ya saki. Ya danna. Ƙwayoyin gari suka shiga hasken, ana ganinsu ɗaya-ɗaya. Na farko suka manne. Na baya suka taho a miƙe, suka kusa ƙarfen, saura kamar faɗin tafin hannu, sai suka rage gudu. Suka karkace. Wasu suka bi gefe suka wuce, wasu suka juyo baya kamar an kore su.

"Ka gani?"

"Kwana tara nake gani. Fanka aka karkatar."

"Fanka ba ta zaɓen inda za ta juya gari. Duba na Dogo."

Dogo yana fesawa a layinsa. Ta nuna masa da hannu. Can garin yana tafiya a hankali, yana kusantar ƙarfe yana ƙara gudu, ya lanƙwasa ya rungume ƙafar kujera.

"Baba, kowace ƙwaya tana ɗaukar caji a bakin bindiga," in ji ta. "Kujera kuwa a haɗe take da ƙasa, sai ta jawo ƙwayar. Tana matsowa, jan yana ƙaruwa, shi ya sa take lanƙwasawa ta bi ƙarfe. Cajin da ya wuce kima kuma ya bi jikin ƙarfe ya sauka ƙasa. To in hanyar ƙasan ta toshe, caji ya taru a kujera, ba inda zai je. Kujera ta zama iri ɗaya da garin. Iri ɗaya kuwa ba sa shiri. Suna kusantar juna, turewar tana ƙaruwa."

"Kamar Baba da Dogo ke nan," in ji Mai Walda daga bencinsa.

"Kai, ba da kai ake ba," in ji tsohon. Ya dubi 'yarsa. "Wutar da ta sare ni fa?"

"Cajin da ya taru ne. Ya rasa hanya, ya samu yatsanka."

Ya juya maganar a ransa. Sai fuskarsa ta saki, karon farko cikin kwana tara.

"Wato wani ya toshe min hanyar ƙasa."

"Ban ce wani ba. Na ce ta toshe."

"Hanya ba ta toshe kanta."

"Bari in ɗauko mita a ofis mu auna, minti biyar ne."

"Mitar mijinki? Abin da yake so za ta faɗa. Je ki gida. Kin yi naki."

"Baba, kai dai…"

"Ki gaida yara."

Ta tafi tana girgiza kai. Shi kuwa ya samu abin da yake nema. Yanzu ya san inda ɓarnar take. Zai bi hanyar da hannunsa, taku-taku, har ya kai inda aka yanke, ya kira kowa ya nuna.

Ranar Litinin shi ya fara shiga bayan mai gadi ya buɗe ƙofa. Ya zagaya bayan gini, inda aka kafa sandar tagulla a ƙasa. Ya tsuguna, ya girgiza ta. Daram. Ya kama koriyar wayar da ke ɗaure da ita, ya bi ta da yatsu, yana neman yanka ko inda aka naɗe da salatif. Ya bi ta jikin bango, ta ramin da ta shiga ɗaki, har inda aka ɗaure ta da noti a dogon ƙarfen rataya. Ya sa sifana. Notin a ɗaure yake tamau, kuma tsohuwar ƙura tana kansa, ba wanda ya taɓa.

Nan ya lura da abin da bai so ba. Dogon ƙarfen nasa da na Dogo a haɗe suke da walda a ƙarshe. Waya ɗaya ce take yi musu aiki. In an yanke masa, an yanke wa Dogo.

Ya tsaya, sifana a hannu. Daga ƙasa zuwa waya lafiya. Daga waya zuwa dogon ƙarfe lafiya. Tsakanin dogon ƙarfe da kujera kuwa abu ɗaya ne kawai.

Ya je ga akwatinsa. Zaren yana nan, bai tsinke ba. Ya buɗe kwaɗo, ya ɗauko ƙugiya ɗaya. Ja wur, sumul, babu ko ƙwarzane. Ya juya ta a hannu. Aiki ne mai kyau. Ko yanzu ya san aiki ne mai kyau. Shafi biyu, shi da ba ya maimaita shafi, kuma babu inda ƙarfe zai taɓa ƙarfe.

Bai yarda ba tukuna. Ya tsinci wata mummunar ƙugiyar Dogo a ƙasa, ya rataye kujera da ita a layinsa, ya kunna inji. Gari ya tafi, ya ƙara gudu, ya zagaye ƙafa ya zauna. Ya sauke, ya rataye wata da jar ƙugiya. Gari ya je, ya karkace, ya dawo masa hannu. Ya sake da ta Dogo. Ya sake da tasa. Sau uku.

Ya kashe inji, ya zauna a kan akwati. Tsabta, in ji mutumin nan da ya kafa injin. Ashe ƙazantar Dogo ita ce tsabtar da ake nufi.

Babu kowa a ɗakin. Magagari yana cikin aljihunsa. Zai iya goge cikin lanƙwasar kowace ƙugiya, sama da ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Kafin mutane su zo ya gama. Kujeru su fito daidai, ya ce da suka ga ya gano su sai suka ji tsoro suka daina. Ya ciro magagarin. Ya ɗora shi a kan jan fentin.

"Baba, ina kwana."

Dogo ne a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa. Idonsa ya sauka kan kujeru shida, uku shuɗi tas, uku dabbare-dabbare. Ya dubi ƙugiyarsa da ke rataye a layin tsohon.

"Ka sani," in ji Shafa-Ɗaya.

"Na yi zato."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka gasa su. Na buɗe baki, ka ce idona ya fita."

"Da aka duba injina fa? Ba ka gaya wa Manaja ba."

Dogo ya sauke jaka. "Inji aka ce in duba, na duba inji. Ka kira ni ɓarawo, Baba, a gaban mutane. Na ce to bari in ga iya inda za ta kai. Da wuta ta sare ka na so in faɗa, sai ka ce ni na jona."

"Wato duk kwanakin nan kana kallona."

"Ina kallonka."

Tsohon ya gyaɗa kai. Abin mamaki, wannan ya ɗan sanyaya masa rai. Da ma ya san akwai mai kallonsa.

Ya mayar da magagari aljihu. Ya jira har kowa ya iso, har Manaja ya ajiye babur. Sannan ya ɗauki akwatin a kafaɗa, ya ratsa tsakiyar ma'aikata, ya fita baya. Suka biyo shi. Ya hura wuta a durom ɗin Dogo, ya juye ƙugiyoyi arba'in a ciki. Jan fentin ya kumbura, ya yi baƙi, ya soma wari.

"Baba, lafiya?" in ji Manaja.

"Ba a taɓa min kaya ba. Ni na toshe wa kaina hanya." Ya dubi wutar, bai dubi kowa ba. "Dogo bai jona min komai ba. Na faɗa a gabanku, na janye a gabanku."

"Allah Sarki, jajayen amare," in ji Mai Walda, yana leƙa durom. "Ko sati biyu ba su yi ba."

"Koma bencinka."

Kafin ƙugiyoyin su huce ya ari na Dogo guda goma. Ya ce aro ne, ya ƙirga su a gabansa. Ya rataye kujeru, ya ja takunkumi, ya danna bindiga. Hannu ya wuce sau ɗaya. Da tanda ta buɗe, Manaja ya ɗauki ta farko, ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya bi bayan ƙafa da yatsa. Ya ɗauki ta biyu, ta uku. Ya ajiye.

"Sittin ɗin can fa, Baba?"

"Ni na ɓata, ni zan kankare. Bayan an tashi."

"To bindiga tana hannunka."

"Da ma ba ta bar shi ba."

Da hutun rana ya zauna a bakin durom da burushin waya, ya kankare ƙugiyoyinsa har suka zama munana kamar na Dogo. Ya dube su, ransa bai so ba. Sai ya ciro magagari, ya yi wa kowace ɗaya tsaga biyu a tsakiya, nesa da inda take taɓa ƙarfe. Ya jera su cikin akwati, ya sa kwaɗo.

Dogo yana tsaye yana kallo. "Baba, har yanzu?"

"Ukun nan ba su dawo ba," in ji Shafa-Ɗaya, ya jefa mabuɗi cikin aljihu.